Littafi Uku Daga Kwandon Shara

Tartsatsi ake ce mata, kuma wanda ya laƙaba mata sunan bai zalunce ta ba. Shekararta goma sha tara, gajera ce mai faɗin kafaɗa, kuma ba ta iya tafiya gida da magana a ciki ba. Inda ka faɗa mata, nan za ta mayar maka da abarka. Babbar sakandaren bakin titi ta kore ta tana aji biyar. A takardar korar sun rubuta faɗa. To, faɗa kam ta yi, ba mai musu. Abin da ba su rubuta ba shi ne shekara biyu cur ana tsayar da ita gaban aji ta yi karatu da ƙarfi, alhali kowa ya san haruffa ba sa tsaya mata wuri ɗaya, sai ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, aji kuwa na ta kwasar dariya. Ranar da ta ƙoshi, wanda ya fi kowa buɗe baki ya koma gida da kumburarren leɓe.

Daga nan ta koma makarantar da ke saman zauren taron unguwa. A allon ƙofa an rubuta makarantar dama ta biyu, amma a bakin mutanen unguwa makarantar korarru ce, kuma ba sa rage murya in za su faɗa. Ɗaki biyu ne da wani ofis kamar akurki. Da rana ake shiga, don yawancin ɗaliban da safe suna wurin neman abinci: akwai mai wankin mota, akwai mai goyo, akwai wani da ya girmi Malamar kanta. Malamar nan ita ce shugaba, ita ce mai koyar da lissafi, ita ce mai gyara famfo in ya toshe. Mace ce mai haƙurin da har haushi yake ba Tartsatsi wani lokaci.

Makarantar tana da ƙa'idarta ta kammalawa. Bayan jarrabawar takarda, ba a ba ka shaidar gamawa sai ka tsaya gaban jama'a ka koyar da wani abu da ka iya. Sau ɗaya a shekara ake ranar fasaha da koyo a zauren ƙasa, ranar da masu zane da masu kiɗa da masu saƙa ke baje kolinsu, kuma a nan ake ba kowane ɗalibi tebur da awa ɗaya. Mai dubawa yana zuwa daga waje ya zauna da agogonsa. Sharaɗin ɗaya ne: kafin awa ta cika, mutum uku, waɗanda ba 'yan makarantar ba ne, su gama abin da hannunsu. Biyu ba su isa ba. In ba su cika uku ba, sai baɗi. Ita kuwa Tartsatsi ba ta da baɗin da za ta ba kowa, domin kwalejin koyon sana'a ta ajiye mata gurbi a sashen ɗab'i, da sharaɗin ta kai shaidar kafin ƙarshen wata.

Abin da za ta koyar bai ba ta wahalar zaɓe ba. Shekara biyu ke nan tana aikin safe a wani shagon buga takardu, a ɗakin baya inda ake ninkewa da yanka da ɗinki, saboda haka ta ce za ta koya wa mutane ɗinka littafin rubutu daga takardun da aka zubar. Maigidan shagon yana da dokar da yake gindaya wa duk sabon ma'aikaci tun ranar farko: aikin mutane ba a karantawa. Katin biki ne, takardar kotu ce, ba ruwanka. Kai dai duba gefe ya daidaita, duba tawada ta bushe, ka ninke ka wuce. Wasu sai an yi ta fama da su kafin su saba. Tartsatsi kuwa kamar don ita aka kafa dokar. Tana iya ɗaga takarda ta gaya maka kaurinta da ɓangaren da za ta fi ninkuwa, amma ka tambaye ta me aka rubuta a kai, sai ta dube ka sheƙeƙe ta ci gaba da aikinta.

Ranar Juma'a da za ta tashi daga aiki, ta roƙi Maigida takardun da suka lalace.

"Ga kwandon can, kwashi har ki gaji," in ji shi, ko ɗagowa daga injin yanka bai yi ba.

A saman kwandon ta tarar da wani ƙunshi mai kauri, sun fi ɗari biyu, takarda mai kyau, fuska ɗaya kawai aka buga, kuma layin ya karkace shi ya sa aka zubar aka sake bugawa. Ta shafa, ta ji daɗi har cikin ranta. Ta kife su, ta bubbuga gefensu a tebur suka daidaita, ta ɗaure da igiya. Ko harafi ɗaya ba ta duba ba.

A gida su uku ne: Inna, da Yaya, da ita. Yaya ma'aikacin ofis ne, kuma shi ne sakataren kwamitin unguwa, mutum mai gogaggiyar riga da alƙalami biyu a aljihu. Tun rasuwar Baba shi ya riƙe gidan. Shi ya kai ta makaranta ranar farko a kan kafaɗarsa, shi ya koya mata ɗaure takalmi. Amma tun da aka kore ta, in aka tambaye shi ina Auta take karatu, sai ya ce tana koyon sana'a, ya canza zance. Ta sha jin sa da kunnenta. Tana son Yayan nan nata ƙwarai, shi ya sa abin yake mata ciwo, da wani ne ma ko a jikinta.

Asabar da safe tana ɗaure jakarta ta ce, "Yaya, ƙarfe goma sha ɗaya ne nawa. Za ka leƙo?"

"Ai muna can tun safe, mu ne masu shirya taron," in ji shi yana gyara wuyan riga a madubi. "Ke dai Auta, ki riƙe bakinki. Kada ki ba mu kunya."

"Ni zan je," in ji Inna daga bakin murhu. "Ban san me ake yi ba, amma zan je in zauna."

Zauren ya cika tun hantsi. An rataye zane-zane a igiya daga taga zuwa taga, wasu matasa na ta gwada kiɗa a kan dandamali, can wani yana nuna yadda ake shuka ganye a gwangwani, nan wata tana koyar da saƙar hula. An ba 'yan makarantar sama wuri a ƙarƙashin matakala, kusa da inda ake jingine tsintsiya da bokiti, kuma ba wanda ya yi mamaki. Tartsatsi ta goge teburin da kanta, ta jera kujeru takwas, ta ajiye wa kowace kujera allura da zare mai kaki da basillar huda takarda da kwali biyu na bango da cokali ɗaya. Bayan cokali take murje ninki da shi, haka Maigida ya koya mata.

Mutum bakwai suka zauna. Akwai Shugabar kwamiti, mai babban kantin magani na kan kwana, da ƙawayenta biyu; sun zo ne don mai ɗaukar hoto yana zagayawa, kuma ya kamata a ga kwamiti na ƙarfafa wa kowa gwiwa. Akwai wata mai goyo, da wani mai gyaran waya. Akwai Baba mai takalma na bakin kasuwa, wanda ya faɗa tun kafin ya zauna cewa shi ya zo ne ya ga yadda yaran yanzu ke wulaƙanta allura. Sai Inna, wadda ta ɗora jakarta a kujerar da ta rage. Mai dubawa, wani siririn mutum mai tabarau, ya kwance agogon hannunsa ya ajiye a tebur ya ce bismillah.

Ta fara da kyau, wallahi ta fara da kyau. Ta raba wa kowa takarda goma sha biyu, farar fuskar a sama, ta ce, "Wannan takardar an zubar da ita ne don an ɓata fuska ɗaya. Amma takarda fuska biyu gare ta. Za mu ninke ta gida biyu, ɓataccen ya shige ciki, mai tsabtar ya fito waje." Muryarta ba ta rawa. Malama na tsaye a baya tana gyaɗa kai.

Sai Shugabar kwamiti ta juya tata takardar don ta ninke. Hannunta ya tsaya. Ta cire tabarau daga jaka ta saka, ta cire, ta miƙa wa ƙawarta takardar, ita ma ta duba ta kama baki.

"Ke," in ji Shugaba. "Wa ya ba ki wannan?"

"Daga kwandon shagonmu na ɗebo, ranki ya daɗe."

"Daga kwando. Kin ɗauke mu yara ko? Kin zaunar da mu a gaban jama'a, ga mai hoto, kin miƙa mana takardar kwamiti mu ninke da hannunmu. Takardar da ba a fitar ba sai Litinin. Wa ya kitsa miki? Malamarku?"

Malama ta matso da sauri ta ɗauki guda. Tartsatsi tana kallon fuskarta ta ga yadda ta canza. Malama ta kama hannunta ta ja ta gefe, ta yi ƙasa da murya.

"Koke ne suka rubuta a kanmu. So suke a rufe makarantar. Ki tattara takardun ki mayar mata, ki ba ta haƙuri, ni zan hau sama in nemo wasu. Don Allah kada mu ba su hujja."

"Haƙurin me zan bayar, Malama? Ni na rubuta?"

"Na sani. Ki dai bayar."

"Lokaci na tafiya," in ji mai dubawa, ba tare da ya kalli kowa ba. "Ba a tsayar da shi."

Tartsatsi ta ji irin zafin nan na ranar da ta fasa wa yaron can baki, ta ji hannunta na ƙaiƙayi, kuma ta san sarai abin da ake jira ke nan: ta kifar da tebur, a ce kun gani ko. Tana cikin haɗiye wannan sai Inna, wadda ba ta taɓa shiga aji ba a rayuwarta, ta ɗaga tata takardar sama a juye, ta ce cikin muryarta ta kullum,

"Wai me aka rubuta ne, Auta? Karanta mini in ji."

"Ba sai an karanta ba," in ji Shugaba. "Ba a fitar da ita ba tukuna."

"Uwata ce ta tambaye ni," in ji Tartsatsi.

Ta karɓi takardar ta shimfiɗa a tebur, ta ɗora yatsa a kan kalmar farko. Rabonta da karatu da ƙarfi a gaban mutane tun ranar da aka kore ta. Haruffan suka fara halinsu, ga layin ma a karkace, amma ta danne su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. A hankali take yi, tana tsayawa, tana komawa baya, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"Mu mazauna wannan unguwa muna roƙon a rufe makarantar da ke saman zauren taro. Waɗanda ke cikinta, makarantun kirki sun gwada su sun kasa. Ba karatu ke kawo su ba. Suna cika mana matakala da hayaniya, suna ba 'ya'yanmu mummunan misali, kuma babu wani abin amfani da unguwa za ta koya daga gare su."

Masu kiɗa sun tsagaita don gyara waya, saboda haka rabin zauren ya ji. Ba wanda ya yi dariya. Yatsanta ya sauka kan layin ƙarshe, ta karanta shi a zuci tukuna, sai ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi a baya. Da ta so, da ta tsaya nan. Ba ta tsaya ba.

"Wanda ya rubuta a madadin kowa, sakataren kwamitin unguwa."

Inna ba ta iya karatu ba, amma ta san ɗanta sakatare ne, ita ke wanke masa rigar zuwa taro. Ta juya a hankali. Yaya na tsaye jikin ginshiƙi, taku goma daga teburin, da jadawalin taro a hannu, yana kallon ƙasa kamar ya yar da wani abu.

"Ki kawo takardun nan duka," in ji Shugaba tana miƙewa. "Na kwamiti ne."

"Na kwandon shara ne, ranki ya daɗe. Maigidana ya ce in kwasa. In kina son naki, suna can an buga muku masu kyau." Tartsatsi ta ɗauki cokalinta. "Wanda zai koyi ɗinkin littafi ya zauna. Minti goma sha huɗu sun tafi."

Shugaba ta ce ba a taɓa yi mata rashin kunya irin wannan ba, ta saɓa jakarta, ƙawayenta suka bi ta. Mai gyaran waya ya tuna yana da wani uzuri. Mai goyo ta ɗan jima tana jujjuya takarda, ta kalli inda Shugaba ta koma ta zauna tana zuba ido, ta tuna a kantin wa take sayen maganin tari, ta ce yaron ya fara rigima, ta tashi. Yaron kuwa barcinsa yake yi.

Saura Inna da Baba mai takalma, mutum biyu ke nan.

Malama ta shiga cikin zauren tana bin mutane ɗaya ɗaya, tana roƙo, minti talatin kawai, ba sai ka iya komai ba. Kowa ya ce yana zuwa. 'Yan ajinsu suka taru a kan matakala sun yi cirko-cirko, ba su da amfani, don su ba a lissafa su. Tartsatsi ta ga Malama na roƙon, ta ji kunya ta kama ta a madadinta, ta ji tsoro kuma, tsoro na gaske, don ta ga gurbin kwalejin nan yana zamewa daga hannunta. Amma ta rantse a ranta ko za ta sake shekara goma a saman zauren nan, ba za ta ɗaga kai ta kalli ginshiƙin can ba.

Ta koyar da mutum biyu kamar mutum ashirin ne a gabanta. Ta ɗaga murya har mai saƙar hula ta waiwayo. A haɗa gefe da gefe, a murje da bayan cokali sau biyu. A jera su, bakin da aka ninke ya kalli waje, buɗaɗɗen bakin ya koma baya inda za a ɗinke, ta haka rubutun ciki ba zai ƙara ganin rana ba. A sa kwali sama da ƙasa. A huda rami huɗu, tazarar yatsa biyu biyu.

"Ramin nan ya yi kusa da baki, 'yata," in ji Baba mai takalma. "Zai yage."

"Fata ce ke yagewa a nan, Baba. Takarda goma sha biyu a ninke ba ta yagewa. Huda ka gani."

Ya huda, ya ja, ya duba ta sama da ƙasa. "Hm," in ji shi. Daga bakin Baba mai takalma, wannan yabo ne babba.

Inna kuwa tana ninke nata a natse, kamar tana ninke kayan wanki. Da ta gama na goma sha biyu, ba ta kalli kowa ba, ta miƙa hannu ta ɗauke jakarta daga kujerar da ke gefenta ta ajiye a ƙasa. Ga wasu kujeru biyar babu kowa a teburin, amma wannan ta share da gefen mayafinta.

An ɗauki lokaci. Mai dubawa ya ce saura minti ashirin da biyu. Sannan Tartsatsi ta ji ƙarar jan kujera, ta ga gogaggiyar riga ta zauna kusa da Inna. Can gefe Shugaba ta kira Yaya da muƙaminsa, sau biyu. Bai waiwaya ba.

Tartsatsi ta ƙirga takarda goma sha biyu ta ajiye a gabansa, rubutun a sama. Ba ta kife masa ba.

"An wuce ka, malam," in ji ta. "Sai ka yi sauri. Gefe da gefe."

Mutumin da ke da alƙalami biyu a aljihu, ashe hannunsa bai san komai ba sai alƙalamin. Ninkinsa ya karkace, ta sa ya warware. Sau goma sha biyu ya kalli maganarsa kafin ya rufe ta. Ya huda rami ya soki yatsa, ya tsotse, ya ci gaba. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Baba ya gama nasa ya ƙulle, har da wani ƙullin ado da ba ta koya masa ba. Inna ta gama nata, zaren ya ɗan yi tsawo amma ya kama tsam. Yaya na ta kici-kici da allura, ya zura nan ya fito can, ya tsallake zagayen da ake yi ta bayan littafi, ya ƙulle da sauri ya tura gabanta.

"Saura minti bakwai," in ji mai dubawa. Ya jawo takardarsa ya buɗe alƙalami. "Uku ke nan."

Malama ta sauke ajiyar zuciya har aka ji. A kan matakala wani ya fara tafi.

Tartsatsi ta ɗauki littafin Yaya ta riƙe shi ta bango ɗaya ta girgiza, yadda Maigida ke yi wa duk aikin da zai fita daga shago. Takardun suka zazzago suka yi lilo a jikin zaren, bakin baya ya buɗe, rubutun ciki ya leƙo.

"Wannan bai ɗinku ba," in ji ta.

"Ni na karɓa," in ji mai dubawa. "Yana da bango, yana da zare."

"Ni ban karɓa ba. Kwana biyu ba zai yi ba zai watse, a ce ga abin da aka koya a wurin korarru."

Ta ɗauki almakashi ta datse zaren.

Malama ta dafe kai ta zauna a kan bokiti. Baba mai takalma ya tuntsire da dariya har da buga tebur. Yaya ya ɗago ya kalle ta, karo na farko tun safe, ita ma ta kalle shi, ta yanko sabon zare ta miƙa masa.

"Rami na biyu za ka fara. Ka zagaya ta baya, ka koma cikin ramin da ka fito. Kowane rami haka. Ka ja har ka ji ya yi ƙara."

Zaren ya ƙi shiga allura. Ba wanda ya isa ya taɓa masa, ƙa'ida ce, da hannunsa zai gama. Baba ya matso da kujera yana ba shi umarni da baki kamar mai koya wa makaho hanya: lashi bakin zaren, ɗana, ba allurar za ka kai ba, zaren za ka kai. Ya shiga. Rami na biyu, zagaye, na uku, zagaye. Saura minti uku. Na huɗu, ya zagaya ta baya da ta ƙasa, ya dawo. Mutanen da suka ce suna zuwa ɗazu, yanzu sun zo, sun yi da'ira suna leƙe. Tartsatsi ta harɗe hannu a ƙirji. Ya koma rami na ɗaya, ya zagaya, ya dawo inda ya fara, ya ja zaren har ya yi ƙara, ya ƙulle sau biyu.

Ta ɗauka ta girgiza. Ta sake girgizawa da ƙarfi, da mugunta ma. Ko takarda ɗaya ba ta motsa ba.

Mai dubawa ya kalli agogo, ya ɗaura shi a hannu, ya sa hannu a takardarsa ya tura wa Malama. "Shekara tara ina wannan aikin," in ji shi, "ban taɓa ganin wanda ya yanke nasa zaren ba." Ya tashi ya nufi tebur na gaba, inda mai wankin mota zai koyar da canza taya.

Jama'a suka watse. Inna ta sa littafinta a jaka ta ce za ta riƙa ajiye katin asibiti a ciki, ta tafi kallon masu saƙa, kuma ba don saƙar ta tafi ba. Tartsatsi ta shiga tattara allurai tana soke su a kwali. Yaya bai tashi ba.

"Auta," in ji shi a hankali. "Ba ke nake nufi ba. Da nake rubutawa, wallahi ba ke ce a raina ba."

"To wa ke ranka, Yaya? Mai goyon can ta kan matakala? Ko wancan mai furfurar?"

Yaya ya nuna sauran ƙunshin da ke ƙarƙashin tebur, sun fi ɗari. "Ba ni waɗannan in ƙone su."

"A'a. Takarda ce mai kyau. Littafi takwas za su ba ni, da su zan shiga kwaleji." Ta ɗaure su da igiya ta sa a jakarta. "In ƙonawa kake so, masu kyan suna wurinku. Litinin ba ta yi ba tukuna."

Ya miƙe, ya bar littafin da ya ɗinka a kan tebur, ya juya zai tafi. Ta ɗauka ta bi shi taku biyu, ta cusa masa a aljihun riga, bayan alƙaluman nan biyu.

"Naka ne, kai ka ɗinka. Shafi ashirin da huɗu ne, duk farare. In za ka sake rubuta wani abu a kanmu, ka hau sama ka gan mu tukuna. Ƙarfe biyu muke shiga."

Ta koma ta kama gefen tebur, ta ce wa 'yan kan matakala su daina kallonta kamar ba su taɓa ganin mutum ba, su zo su kama mata a mayar da shi sama.